Zaratan Sojan Ruwa

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Bebeji ya san Tiga. Can ne aka datse Kogin Kano, wanda ya ratso dajin Falgore, aka tara ruwa mai yawa. A zamanin Gwamna Audu Bako aka yi wannan aiki, an fara a 1971, an gama a 1974. Daga nan ne ruwa ya ke bin magudana har Kadawa da Kura, inda a ke noman shinkafa da alkama da tumatir. In ka tsaya a bakin ruwan nan da hantsi, ka ga masunta cikin kwalekwale sun zama kamar ƙuda sabo da nisa, sai ka ce ai duniya ba ruwan da ya fi wannan.

To, amma Tiga ɗan tafki ne in an gwada shi da teku. Teku ruwan gishiri ce, ba a shanta. Jirgi ya kan yi kwana da kwanaki a kanta ba a hangi tudu ba, kuma raƙuman ruwanta su kan tashi su fi soro tsawo. Ƙasarmu Nijeriya ta yi iyaka da teku daga kudu, tsawon gaɓar kuwa ya kai kilomita 853. Sojan da ke tsaron wannan gaɓa su a ke kira sojan ruwa, an kuwa kafa rundunarsu a 1956, tun ba mu sami mulkin kai ba.

Watakila wani yaro zai ce, mu da mu ke Ƙiru ko Doguwa, ina ruwanmu da teku? Wanda ya yi wannan tambaya sai ya tsaya a Kwanar Ɗangora ran da ya sami dama, ya ƙirga manyan motocin da ke fitowa daga kudu. Da yawa daga kayan da su ke ɗauke da su, kamar magunguna da injunan ban ruwa da kekunan ɗinki, ta teku suka shigo, aka sauke su a Ikko, watau Legas. Riɗin da manoma ke sayarwa a kasuwanninmu kuwa, mafi yawansa ta teku ya ke fita. In 'yan fashi suka tare hanyar teku, masu jirage su kan ƙara kuɗin dako, daga ƙarshe kuma mai saye a kasuwar ƙauye shi ke biya. Sojan ruwan ma ba su yi nisa da mu kamar dā ba. A 2021 aka ba da sanarwa za su kafa sansani a Jihar Kano, mutane suka yi ta ba'a suna tambaya ina tekun ta ke. Abin da aka kafa a Dawakin Tofa makaranta ce ta koyon sha'anin kayan aiki da guzurin runduna, wannan kuwa ba ya bukatar teku.

A cikin sojan ruwa akwai waɗansu 'yan kaɗan da a ke zaɓa, a yi musu horo dabam, a ajiye su domin aikin da babban jirgin yaƙi ba ya iyawa. Babban jirgi yana da ƙarfi, amma tun daga nesa a ke ganinsa, kuma ba ya shiga ƙoramar da ba ta da zurfi. In ana so a hau jirgin da 'yan fashi suka ƙwace ba tare da an hallaka matuƙansa ba, igwa ba ta da amfani. Sai mutum takwas ko goma cikin ƙaramin jirgin roba, su zo cikin duhu, su rataya tsani, su hau ba wanda ya ji motsinsu. Waɗannan su ne zaratan sojan ruwa, waɗansu kan ce 'yan ƙundumbala.

Asalin wannan irin soja daga Yaƙin Duniya na Biyu ne, yaƙin nan da aka kwashi kakanninmu aka kai su Bama. A 1940 wani hafsan Ingila mai suna Roger Courtney ya nuna wa manyansa cewa mutum biyu cikin kwalekwale suna iya isa gindin jirgin yaƙi ba a gan su ba. Da suka ga gaskiyarsa, sai suka ba shi mutane kaɗan ya horar.

Ga labari guda na zamanin nan wanda ya kamata ku sani. A watan Disamba na 1942 Jamusawa suna riƙe da ƙasar Faransa, jiragensu na kaya kuwa suna tsayawa a wani gari wai shi Bordo, wanda ke bakin kogi, fiye da mil 60 daga teku. Ingilishi suka so su ɓata jiragen nan, amma in sun zubo bom daga sama mutanen gari za su mutu da yawa. Sai aka tura Manjo Hasler da mutanensa cikin jirgin ƙarƙashin ruwa, da kwalekwale shida na tamfol, kowane na mutum biyu. Daren 7 ga wata jirgin ya taso sama kusa da bakin kogin. Wajen fitarwa kwalekwale ɗaya ya yage, sabo da haka mutum goma suka tashi cikin biyar.

Tun daren farko ruwa ya nuna musu hali. A inda kogi ya gamu da teku akwai wurare masu hauka, nan kwalekwale suka yi ta kifewa, waɗansu suka ɓace wa 'yan'uwansu. Kafin a jima saura biyu, watau mutum huɗu. Lokacin sanyi ne mai tsanani, irin wanda ruwa kan daskare a jikin tufa. Da dare su tuƙa da filafili, suna bin lokacin da teku ke turo ruwa cikin kogi. Da gari ya waye sai su ja kwalekwalen cikin ciyawa su kwanta, ba tari, ba hura wuta, ga masu gadi suna kai da kawowa. A haka har daren 11 ga wata suka isa tashar. Suka bi gindin jirage suna manna musu nakiya mai mayen ƙarfe, sa'an nan suka sulale. Da safe nakiyoyin suka tashi, jirage shida suka lalace.

Amma ku ji abin da aka biya. Cikin mutum goman nan, biyu ruwa ya ci, shida Jamusawa suka kama suka harbe. Manjo Hasler da abokin tuƙinsa, Sparks, su kaɗai suka tsira. Sun yi tafiyar wajen mil 100 a ƙasa suna ɓuya, har mutanen Faransa suka taimake su suka tsallaka ƙasar Sifen. Bayan yaƙi aka harhaɗa irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi, daga cikinsu ne rundunar Ingila mai suna Special Boat Service ta fito, ma'ana rundunar musamman ta ƙananan jirage.

Mu ma muna da tamu mai wannan suna, an kafa ta a 2006, aka bi tsarin ta Ingila. A lokacin nan masu ɗauke da makamai sun dami yankin da Kogin Kwara ya rarrabu kafin ya faɗa teku, suna fasa bututun mai, suna kama ma'aikata. Wurin kuwa duk ƙoramu ne da fadama da itatuwa masu saiwa cikin ruwa, mota ba ta shiga, babban jirgi ba ya shiga. Aikin zaratanmu shi ne leƙen asirin gaɓa kafin sauran soja su sauka, da tsaron rijiyoyin mai na cikin teku, da ƙwato jirage da mutanen da aka kama. Da fitinar Boko Haram ta yi tsanani an kai su arewa maso gabas, ga shi kuma sojan ruwa suna da sansani a Baga, bakin Tafkin Cadi, inda tsibirai da ciyawa suka yi yawa.

A watan Fabrairu na 2016 'yan fashi suka ƙwace wani jirgin dakon mai, sunansa Maximus, a tekun da ke kusa da Abijan. Suka shafe sunansa suka rubuta wani, don kada a gane shi. Aka yi ta binsa kwana da kwanaki, jiragen ƙasashe dabam dabam suna miƙa wa juna labari, har jirgin yaƙinmu mai suna Okpabana ya cim masa can wajen tsibirin Sawo Tome. Aka yi magana da su ta rediyo, suka ƙi ba da kai. Da dare sojanmu suka hau jirgin, suka kama shida, ɗaya ya yi harbi aka kashe shi. Matuƙan da ke ciki suka kuɓuta, sai dai biyu da 'yan fashin suka riga suka tafi da su cikin wani jirgi. A watan Mayu na 2020 kuma aka sace wani jirgin kamun kifi na mutanen Sin. Zaratanmu suka hau shi wajen mil 140 kudu da Ikko, suka ceci mutum 18, suka kama 'yan fashi goma. Abin da ya fi daɗi a wannan karo shi ne an kai su gaban alƙali, a 2021 aka ɗaure kowannensu shekara 12. A ganina kamun ɓarawo da rai a kai shi shari'a ya fi harbinsa wuya, ya kuma fi shi daraja.

To, yaya a ke mai da kurtu ya zama irin wannan soja? Kowace ƙasa da tata hanya, amma wadda aka fi sani ita ce ta Amurka, don su ba su ɓoye yadda su ke yi ba. Tasu rundunar an kafa ta a 1962, zamanin Shugaba Kennedy, ana kiranta SEAL. Haruffan nan sun fito ne daga kalmominsu na teku da sama da ƙasa, domin ta ko'ina cikin ukun nan su kan zo.

Kafin a karɓi mutum ma sai ya yi iyon yadi 500 cikin minti goma sha biyu da rabi, ya yi gudun mil ɗaya da rabi cikin minti goma da rabi. Wannan ƙofa ce kawai. In ya shiga, sai a kai shi wani wuri a bakin teku wai shi Koronado, ya yi mako 24. A kan raba kurata ƙungiya ƙungiya, wajen mutum bakwai bakwai, kowace a ba ta jirgin roba da wani ƙaton gungume. Duk inda za su, ko wurin cin abinci ne, da gudu za su, jirgin yana bisa kawunansu. Gungumen kuwa tare za su ɗaga shi, tare za su sauke. In ɗaya ya yi ha'inci ya sunkuyar da kai, nauyin sai ya koma kan sauran, nan da nan kuma kowa ya gane shi. Wanda ya taɓa zuwa gayya ya san wannan: mai laɓewa a bayan kunya ba ya ɓoyuwa.

Sanyi shi ne babban malaminsu. A kan jera su a bakin teku, su sarƙe hannuwa, su kwanta cikin ruwa raƙuma suna bugunsu, har haƙora su riƙa kaɗawa. A fito da su, a sa su birgima cikin rairayi, a sāke mai da su. Ku tuna yadda a ke ji in an yi alwala da ruwan randa da asuba cikin hunturu, sa'an nan ku ƙiyasta mutum ya wuni a jiƙe.

Akwai wani gwaji mai ban tsoro. A kan ɗaure wa kurtu hannuwa ta baya, a ɗaure ƙafafunsa, ya faɗa kududdufin horo mai zurfi. Mai firgita sai ya yi ta mutsumutsu, ya gaji, ya sha ruwa. Mai natsuwa kuwa sai ya saki numfashi ya nutse har ƙasa, ya doki ƙasa da ƙafa, ya taso ya shaƙi iska, ya sāke nutsewa, a hankali a hankali. Daga baya a ce ya ɗauko tabaraunsa na nutso daga ƙasa da haƙori. Su kan yi iyon mita 50 ƙarƙashin ruwa da numfashi guda, watau wajen rabin tsawon filin ƙwallo. In sun fara nutso da tulun iska a baya, malami kan zo ya fizge abin shaƙar daga bakin kurtu, ya ƙulla tiyon, ya bar shi ya kwance da kansa. Abin da a ke nema a gani shi ne ko hankalinsa zai zauna ya bi abin da aka koya masa daki daki, lokacin da ƙirjinsa ke neman fashewa.

A nan sai in tsaya in yi muku kashedi, ba da wasa ba. Duk gwajin nan ana yinsa ne cikin ruwa garau wanda a ke ganin ƙasansa, ga malamai a cikin ruwan, ga likita a baki. Duk da haka ana suma. Kada wani ya ji wannan darasi ya tafi Tiga ko Bagauda ko kududdufin bayan gari ya ce zai gwada riƙe numfashi, balle ɗaure hannu. Mai riƙe numfashi ya kan suma ba tare da ya ji alama ba, ruwan kududdufi kuma ba a ganin wanda ya nutse a ciki. Su kansu zaratan nan doka ce a gare su kada mutum ya shiga ruwa shi kaɗai; kowa yana da abokin iyo, in aka ga ɗaya ya yi nisa da nasa, dukansu biyu a ke hora.

Mafi tsanani duka shi ne wani mako da su ke kira Makon Azaba. Kwana biyar da rabi a ke yi, barcin da mutum zai samu a ciki duka bai wuce awa huɗu ba. Gudun da su kan yi a makon nan ya haura mil 200, wajen nisan Kano zuwa Jos ta hanyar Tudun Wada. Abinci kam ana ba su isasshe, don ba yunwa a ke gwadawa ba. Daga kwana na uku mutum ya kan yi barci yana tsaye, ya kan ga abin da babu. A filin horon kuwa an rataye wata ƙararrawa. Duk wanda ya ga ba zai iya ba, ba mai tilasta shi: ya je ya buga ta sau uku, ya ajiye hular kwanonsa a ƙasa, shi ke nan, a ba shi bargo da abin sha mai zafi, a mai da shi wani aikin soja. Yawanci cikin mutum huɗu da suka fara, uku ba su kai ƙarshe.

Abin mamaki, ba lalle ne ƙato mai damtse ya kai ba. Sau da yawa gwanin gudu ko gwanin iyo, wanda bai saba a fi shi ba, shi ke fara buga ƙararrawa, wani ɗan siriri mara magana ya wuce. Wanda ya zauna yana lissafin kwanakin da suka rage, zuciyarsa ta kan karye. Wanda ya ce bari dai in kai lokacin kalaci, in ya kai ya ce bari in kai na dare, shi ya kan ga ƙarshen mako. Ilmi ma yana da nasa wuri. Mai nutso sai ya iya lissafin zurfi da lokaci, don in ya daɗe a ƙasa ya taso da gaggawa, iska kan yi kumfa cikin jininsa, ta shanye shi ko ta kashe shi. Sai ya iya karanta taswira da kamfas cikin duhu, ya san lokacin cikar teku da janyewarta, ya iya ɗaure rauni. Yaron da ke gudun darasin lissafi yana cewa shi soja zai zama, bai san aikin ba tukuna.

Ba kuwa za a ce horon nan ba shi da aibu ba. A watan Fabrairu na 2022 wani kurtu ya gama Makon Azaba, bayan 'yan sa'o'i ya mutu da ciwon huhu. Hukumar sojan ruwansu ta bincika, ta sami an yi sakaci wajen lura da lafiyar kurata, har ma waɗansu suna ɓoye ciwo don kada a fitar da su. Tsananin da ya wuce kima ba ya ƙara wa runduna kome, soja guda ta rasa.

Ko da ya ke sojan ruwa ne, aikinsu ya kan kai su inda ba teku ko kusa. A ƙarshen watan Oktoba na 2020 waɗansu masu satar mutane suka ɗauke wani Ba'amurke daga Masalata, kusa da Birnin Ƙonni a Nijar, suka tsallako da shi arewacin Nijeriya. Daren 31 ga wata zaratan Amurka suka sauko da laima daga jirgin sama, suka ƙarasa da ƙafa, suka ɗauke shi da ransa. Sabo da irin wannan ne a ke koya musu yaƙin daji kamar yadda a ke koya musu na ruwa. Ku da ke Doguwa da Tudun Wada kun san amfanin haka, don ɓarayin shanu sun taɓa mai da dajin Falgore maɓoya, har a 2017 sojan ƙasa suka shiga suka yi rawar dajin da aka kira Harbin Kunama, aka kuma mai da wani yankinsa wurin horon soja.

Ba kullum ne aikin ke zama na bindiga ba. A 23 ga Yuni 2018, a ƙasar Tailan, yara goma sha biyu 'yan ƙwallo, masu shekara 11 zuwa 16, suka shiga wani kogon dutse tare da mai koyar da su. Ruwan sama ya sauko, kogon ya cika ta baya, suka yi ta ja ciki har suka maƙale a kan wani ɗan tudu, wajen mil biyu da rabi daga ƙofa. Zaratan sojan ruwan ƙasar suka zo, gwanayen nutson kogo daga ƙasashe da yawa suka zo. Sai ran 2 ga Yuli waɗansu Ingilishi biyu suka same su, dukansu da rai, sun rame. Waɗansu sojan suka zauna tare da yaran cikin duhu, suna ba su abinci da magani, suna ɗebe musu kewa. Hanyar fita kuwa ruwa ne mai laka, wani wurin da ƙyar mutum guda ke kurɗawa.

Akwai wani mai suna Saman Kunan, wanda dā yana cikin zaratan nan, ya riga ya bar soja ya kama wani aiki. Da ya ji labari sai ya zo da kansa. Aikin da aka ba shi shi ne kai tulunan iska ya ajiye a kan hanya domin masu fitowa. Ran 6 ga wata ya kai, yana komowa ya suma cikin ruwa, abokin nutsonsa ya jawo shi, amma rai ya yi halinsa. Bayan kwana biyu aka fara fito da yaran. A kan yi wa kowane allurar barci don kada ya firgita, a sa masa abin shaƙar iska, mai nutso ya riƙe shi ya bi igiya da shi. An fitar da huɗu ran 8, huɗu ran 9, ran 10 kuma aka fitar da sauran huɗun da malaminsu. Sojan da suka zauna da su a ciki su ne na ƙarshen fitowa.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya fashin teku ke shafar mai saye a kasuwar Ƙiru?
2. Mutum nawa suka tashi tare da Manjo Hasler, nawa suka komo gida?
3. In mutum ya yi barcin awa 4 cikin kwana biyar da rabi, awa nawa ya yi a farke?
4. Don me ba a yarda mai nutso ya shiga ruwa shi kaɗai?
5. Zāna taswirar Nijeriya, ka nuna Tiga, da Baga, da Ikko, da inda Kwara ta faɗa teku.